Ko Kun Sani? A Jos Aka Tsinto Abin Da BBC Ta Zubar

Doctor Who, shirin talabijin na ƙagaggen labarin kimiyya da BBC ta fara nunawa ranar 23 ga Nuwamba, 1963, ya sha wahala a hannun masu shi. Kaset ɗin bidiyo tsada gare shi a wancan zamani, wurin ajiya kuma ya yi kaɗan, sai gidan ya riƙa goge tsofaffin shirye-shirye yana naɗar sababbi a kai, har zuwa 1978. Tsimin ya zama ɓarna: kafin 2013, kashi 106 na shirin babu su babu labarinsu.

Abin da ya ceci wasu shi ne kwafin fim da BBC ta sayar wa gidajen talabijin na ƙasashen waje, ciki har da Nijeriya. Ƙa'ida ita ce a mayar ko a lalata bayan an nuna, amma ba kowa ya bi ba. A Oktoban 2013 aka sanar cewa wani Bature mai farautar tsofaffin finafinai, Philip Morris, ya gano kashi 9 da suka ɓace a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos: 5 daga labarin The Enemy of the World, 4 daga labarin The Web of Fear, duk na zamanin jarumi Patrick Troughton, tsakanin 1967 da 1968. Na farkon ya cika cif. Na biyun kuwa ya koma Landan da giɓin kashi na 3, wanda Morris ya ce ya gan shi a wurin kafin ya yi ɓatan dabo.