Ina Yaran Suka Shige?

A shekarar 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Victor Lotter ya fitar da ƙidayar da ya yi wa yaran gundumar Middlesex a Ingila. Ya gano cewa cikin kowane yara dubu goma, huɗu zuwa biyar na da otizim, larurar nan da ke hana yaro cuɗanya da mutane, ta jinkirta masa magana ko ta hana shi ita ɗungurungum, ta kuma sa shi maimaita abu ɗaya ba gajiya. Daga baya ya nufo Afirka, ya zaga ƙasashe shida har da Najeriya, ya duba yara 1,312 masu larurar ƙwaƙwalwa. A rahoton da ya fitar a 1978, tara kacal ya samu da suka cika sharuɗɗan otizim. Bayan shekara shida wani masanin, Victor Sanua, ya rubuta cewa mai yiwuwa abin larurar wayewar Turai ce.

Daga baya, da aka faɗaɗa ma'aunin gano ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin ɗari. In an ɗora wannan lissafi a kan garin Bauchi, duk unguwar da ke da yara dubu, Jahun ce ko Yelwa, ya kamata a samu wajen goma. Amma tambayi mai unguwa ko hedimasta, da wuya ya ƙirga maka biyu. To ko dai ba su nan, ko kuwa suna nan ba a ganin su.

Bakin zaren yana cikin rahoton Lotter kansa: yawancin yaran da ya samu 'ya'yan masu hali ne da 'yan boko. Ana iya cewa cutar manya ce. Ana kuma iya cewa manya ne kaɗai ke da kuɗin mota da sanin hanyar kai yaro inda mai bincike zai gan shi. An taɓa faɗawa wannan rami a Amurka. Leo Kanner, wanda ya fara bayyana larurar a 1943 a asibitin Johns Hopkins, yara 11 ya duba, kusan duk iyayensu masu zurfin karatu, sai aka fara zargin cewa rashin sakin jikin iyaye da 'ya'yansu ne sanadi. Bruno Bettelheim ya ɗauki zargin ya jibga wa uwa a littafinsa na 1967. Mata da yawa sun tsufa da wannan ƙunci a zuci. Sai a 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka bi tagwaye a Ingila. Cikin tagwaye 11 da suka fito daga ƙwai ɗaya, a huɗu duka biyun na da larurar. Cikin tagwaye 10 masu ƙwai daban, ko ɗaya ba a samu haka ba. Uwa ɗaya, nono ɗaya, goyo ɗaya, bambancin a halitta yake. Abin da ke bin jini kuwa babu dalilin da zai sa ya tsaya a gaɓar Bahar Rum. Ke nan yaran suna nan.

Wanda ya ja zaren a Najeriya shi ne Dakta Muideen Bakare, likitan ƙwaƙwalwa a asibitin tarayya na masu taɓin hankali da ke Enugu. A 2011 shi da Kerim Munir na Boston suka tattara ɗan abin da aka rubuta kan otizim a Afirka, suka ci karo da wani abin ɗaure kai. Yaran da ke cikin rahotannin asibitocin Afirka, rabi ko fiye ba sa magana sam, adadin da ya zarce abin da ake gani a Turai. Shin namu ya fi tsanani ne? Bayanin da suka fi karkata gare shi shi ne jinkiri: ana kawo yaro a makare, bayan lokacin da koyar da magana ya fi kamawa ya wuce. Ni kuma na ƙara da cewa asibiti a nan kamar rariya yake, tsakin da ya ƙi wucewa kaɗai ake gani. Yaron da larurarsa ba ta kai ta tayar da hankalin gida ba, babu mai kai shi.

Saura a san inda jinkirin ke aukuwa. Mai saurin yanke hukunci zai ce iyaye ne ba sa lura. Binciken da Dakta Mashudat Bello-Mojeed ta asibitin Yaba a Legas ta yi da abokan aikinta, aka buga a 2017, ya rushe wannan. A matsakaici, iyaye sun fara ganin ba daidai ba kafin yaro ya cika shekara biyu, amma ba a tabbatar da larurar sai ya wuce shekarun shiga firamare. Shekarun da ke tsakani su ne suka ɓace, kuma duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san inda suke tafiya.

A ce yaro ne ɗan wata ashirin. Uwar ta kira sunansa sau uku daga bakin murhu, bai waigo ba, amma da aka buɗe ledar biskit a ɗaki ya taso a guje. Ba ya nuna abu da yatsa. In yana son ruwa sai ya kamo hannunta ya ɗora a kan murfin randa, ko kallon fuskarta bai yi ba. Ya jera murafen kwalba a gindin bango, wani ya taɓa ɗaya, ya yi ta ihu har la'asar. Ta samu uwar mijinta ta ce, "Inna, anya yaron nan lafiya?" Amsar a shirye take: "Ke dai kin cika garaje. Ubansa ma sai da ya shekara uku kafin ya buɗe baki. Namiji ne." Shekara ɗaya ta tafi. Daga nan a ce kurma ne, alhali yana jin ƙarar leda. Sai a koma iska ko sammu, a shiga rubutu da hayaƙi da ruƙiyya, wani lokacin har a yi raɗar ɗan ruwa ne, a daina fita da shi suna da biki. Wasu kuma su ɗora wa allurar riga-kafi, don alamomin kan bayyana a shekarun da ake yin ta. Takardar 1998 da ta haifi wannan zargi, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, kuma wani bincike a Denmark kan yara sama da 650,000 bai ga wata alaƙa ba.

In an daure an isa asibiti ma, ba a gama ba. Bakare ya tsara wasu tambayoyi a 2008 don auna sanin ma'aikatan lafiya game da otizim. A wani bincikensa na 2009 a kudancin ƙasar nan, kusan huɗu cikin goma na ma'aikatan da aka tambaya sun danganta larurar da abubuwan ɓoye irin su tsafi, iskoki ko alhaki. Nas ma 'yar gida ce, da abin da ta ji a tsakar gida take zuwa aiki.

Har yanzu da saura: ina masu magana, waɗanda ba su taɓa zuwa asibiti ba? A nan ina ganin tarbiyyarmu ce ke lulluɓe su. Takardun gwajin da aka tsara a Turai na tambayar ko yaro yana kallon mutum ido cikin ido. A wajenmu yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba shi ne mai kunya, wanda ba ya shiga cikin yara shi ne mai haƙuri, wanda ya haddace dogon karatu ba ya fashin harafi amma ba ya iya hira shi ne miskili. In abin ya yi yawa a ce dolo ne, a sha masa bulala a makaranta. Babu wanda ya ɓoye su da gangan. Kowa ya san su, sai dai ba a taɓa rubuta su a fayil ba.

Tunda uwa ce ke fara gani, masu bincike sun gwada bi ta hannunta. A Ingila, Jonathan Green na Manchester da tawagarsa sun ɗauki yara 152 'yan shekara biyu zuwa huɗu. Ana ɗaukar bidiyon uwa ko uba suna wasa da yaro, a zauna a kalla tare, a nuna musu inda ya yi yunƙurin isar da saƙo ba su ankara ba, su koyi dakatawa su bi abin da ya sa a gaba. Sakamakon 2010 ya nuna fahimtar juna ta ƙaru, amma bai nuna raguwar larurar a fili ba. Da aka sake bin yaran aka buga a 2016, an ga tsananin alamomin ya ragu kuma ragin ya ɗore, ko da yake ba warkewa ba ce. An kai tsarin Goa a Indiya da Rawalpindi a Pakistan, inda ma'aikatan lafiya da ba ƙwararru ba suka koyar da iyaye. Likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa zai iya fara gwada jin yaro ya kuma tantance shi, amma koyar da iyaye irin na Rawalpindi aiki ne da ma'aikaciyar asibitin unguwa, wadda ke awon ciki da riga-kafi, za ta iya yi in an horar da ita.