Libarbar Gado: Yadda Ake Gane Ta da Abin da Take Ci

Yau ba zancen dawa ko masara zan yi ba. Zancen wata haja ce wadda ba a auna ta da mudu.

Kwanan baya wani maƙwabcinmu a nan cikin birnin Zariya ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado aka buɗe adakarsa, sai ga ƙaramar bindiga, wato libarba, naɗe cikin tsumma. Kafin sadakar bakwai wani baƙon dillali ya ji labari, ya zo ya taya kuɗin buhun masara biyu. Magada suka rabu. Wasu suka ce a sallama, wasu suka ce ai ta zamanin Sarki Kwasau ce, ta fi gida tsada. Aka kira ni don na saba da yi wa kaya kuɗi. Na ce musu, ni ban taɓa sayen buhu ban tsoma hannu har gindinsa ba.

To ku sani, yawancin libarbar da hafsoshin Turawa suka riƙe a ƙasar nan ƙirar Webley ce ta Bamingam a Ingila. Sojan Ingila sun karɓe ta a 1887. Tana cin harsashi shida, kuma karyewa take yi daga sama idan za a ɗura mata. Iri-iri ce. Mark IV ta fito a 1899, Mark V a 1913, bakinsu yawanci inci huɗu, ƙotarsu a lanƙwashe kamar kan tsuntsu. Mark VI ta fito a 1915, bakinta inci shida, ƙotarta mai kusurwa. Akwai kuma Enfield, ƙarama, wadda aka karɓa a 1932, ita ce ta yi yawa zamanin yaƙin Bama.

Sai na sa yaro ɗan boko ya karanta abin da ke jikin ƙarfen. Ya ce an rubuta Mark VI da 1917. Magana ta ƙare ke nan. Turawa sun shigo Zariya a 1902, daga nan rundunar Kanar Morland ta tashi ta ci Kano a Fabrairun 1903. Bindigar da aka ƙera a 1917 ba ta ga wannan zamani ba, komai daɗin labarin da kaka ta bayar. Ta fi kama da wadda ta shigo ta hannun soja daga baya, tun da barikin horar da kurata na Zariya yana nan tun 1924.

Masu tara irin wannan kaya a Ingila da Amurka abu huɗu suke dubawa. Na farko lamba: wadda ke jikin gangar bindigar ta yi daidai da ta baki da ta gidan harsashi mai juyawa. In sun saɓa, haɗe-haɗe ce, kamar gero da aka gauraya da maiwa. Na biyu hatimi: 'yar alamar kibiya mai yatsa uku tana nuna kayan gwamnatin Ingila ne. Ta maƙera da aka kwaikwaya, rubutunta a karkace yake, haruffan ba su daidaita ba. Na uku launi na asali. Kada wanda ya goge ta da yashi ko toka don ta yi ƙyalli, yin haka zubar da darajarta ne. Na huɗu shaida: takardar sallama daga soja, ko hoto, ko lambar yabo ta mai ita. Labarin baka ba ya ƙara ko kwabo.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Wancan farashi na can ne, ba na kasuwar Zariya ba. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka hana riƙewa sai da lasin daga shugaban ƙasa, ba kamar bindigar toka ta maharba ba. Dokar 1984 kuma ta yanka wa mai riƙe bindiga ba izini tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun. Tsufa da tsatsa ba sa fid da ita daga wannan hukunci. Kuma wa ya san inda baƙon dillali zai kai ta? A wannan zamani na 'yan fashi da masu satar mutane, in aka zubar da jini da ita, lambar nan da muka karanta ita ce za ta dawo da 'yan sanda ƙofar marayu.

Shawarar da na ba su ita ce wadda nake ba kowa. Kada a taɓa kunamarta, kada a ba yara, don tsohon harsashi ma yana tashi. Kada a sa ta cikin lissafin gado. A ɗauki hotonta da lambarta a ajiye don jikoki, sannan a gaya wa mai unguwa ya raka babban gida a miƙa ta ga 'yan sanda, a karɓi takardar shaida. In tana da tarihi, a roƙi a sanar da hukumar gidajen tarihi, masu kula da Gidan Makama na Kano da gidan tarihi na Kaduna.

Haka suka yi. Buhu biyu sun wuce su, amma sun kwana lafiya a ɗakunansu. Allah ya tsare mu da cinikin da-na-sani, amin. Wassalam.