Kafin Ku Kwance Murfin Kwamfuta: Sabon Katin Hoto da Batun Garanti

Da yawa daga cikinmu mun san takaicin nan: ka buɗe wasan ƙwallo ko manhajar gyara bidiyo, sai hoto ya riƙa sarƙewa. Galibi matsalar daga katin hoto take, wato sashen da ke sarrafa duk abin da muke gani a fuskar kwamfuta. A kwamfutar tebur ana iya sauya shi. To amma idan muka buɗe ta, garanti ya tashi ke nan?

Amsar ta danganta da wurin da aka saye ta. A Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta shekarar 1975, wadda ta hana kamfani tilasta wa mai saye amfani da kayan gyaransa kaɗai. A 2018 hukumar FTC ta gargaɗi kamfanoni shida, ciki har da Sony da ASUS, kan irin waɗannan sharuɗɗa, har da 'yar takardar nan da ake liƙawa wai duk wanda ya ɓare ta ya rasa garanti. Sai dai wannan doka ba ta aiki a nan. Yawancin kwamfutocin da muke saye a Farm Centre ta Kano ko Computer Village ta Ikeja na hannu ne, garantin kamfaninsu ya daɗe da ƙarewa. Abin da ya rage shi ne alƙawarin mai shago, shi kuwa in ya ga an taɓa ciki, magana ta ƙare. Don haka ku tambaye shi tun kafin ku taɓa ko da kusa ɗaya, ya rubuta amsar a rasit. In da hali, shi ya saka muku katin da hannunsa.

Amma a ganinmu babban haɗarin yana wajen wuta. Ramin da ake soka katin, PCIe, wat 75 kawai yake bayarwa. GT 1030 yana cin kusan wat 30, ba ya neman ƙari. RTX 3060 kuwa wat 170 yake ci, kuma Nvidia ta ba da shawarar akwatin wuta mai wat 550. Ƙananan Dell OptiPlex da suka cika shagunanmu, da yawansu ba su kai wat 300 ba, kuma siririn kati kaɗai ke shiga cikinsu. Ka cusa babban kati, kwamfutar ta riƙa mutuwa, ko wani abu ya ƙone. Ɓarnar da mutum ya yi da hannunsa, babu garantin da ke biyanta, ko a Amurka.

Ku zare wayar wuta, ku taɓa ƙarfen akwatin kafin ku kama katin. Tsohon katin kuma a adana shi, domin ranar da za a mayar da kwamfutar shago, za a so ganinta yadda aka sayar da ita.