Gaiwa, Mai Jiran Damina a Cikin Laka

A watan Afrilu, in ka gangara kwarin Majiya daga Buza, za ka tarar tabkunan da damina ta bari duk sun ƙafe. Laka ta bushe ta tsattsage kamar bayan kunkuru, awaki na yawo inda yara suka yi iyo da kaka. Baƙo zai rantse babu mai rai a wurin. Ɗan masunci kuwa sai ya sunkuya ya nuna maka wata 'yar kafa, bakinta bai wuce a zura yatsa ba. A ƙarƙashinta, zurfin taƙi ɗaya ko biyu, gaiwa ce a naɗe, wutsiya bisa kai, tana numfashi.

Ana cewa kifi a ruwa sarki ne, in ya fito tudu sarauta ta ƙare. Gaiwa ba ta cikin wannan hukunci, domin Allah ya yi ta da huhu biyu. Ko a tsakiyar tabki sai ta riƙa leƙo kai tana shaƙar iska, kuma in taru ya danne ta a ƙasa ya daɗe, mutuwa take yi, ruwa ya ci kifi. Jikinta dogo ne mai santsi, tana kai mita ɗaya, a madadin fukafukan iyo kuma tana da wasu siraran igiyoyi huɗu da take jan ciki da su a taɓo. Masana sun ce danginta sun kai shekara miliyan 400 a duniya, yau iri shida suka rage: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostireliya. Tamu ita ce Protopterus annectens.

Da ruwa ya fara janyewa sai ta kutsa cikin laka tun tana da danshi. Jikinta ya fitar da yauƙi, yauƙin ya bushe ya zama kwanso ya rufe ta ruf, sai 'yar ƙofa daidai baki. Bugun zuciya ya ragu, ci da sha su tsaya. A nan maganar kakanni ta samo asali, gaiwa mai cin jikinta, wadda ake jifan ɗan kasuwar da ya koma cin uwar kuɗi da ita. A ƙauye ana cewa wutsiyarta take gaigaya. Abin da bincike ya nuna bai yi nisa da haka ba: tsokar jikinta ce ke narkewa a hankali tana riƙe ranta. Ni dai ina ganin an ɗan zalunce ta da wannan zambo. Karin maganar da ya fi dacewa da ita shi ne da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wata bakwai ko takwas takan yi a haka, an kuma taɓa ajiye ta fiye da shekara uku a busasshiyar laka, aka zuba ruwa ta farka.

Shi ya sa idan ruwan farko ya sauka, aka wayi gari da kifi a tabkin da jiya ƙura ke tashi, wasu ke cewa daga sama ya faɗo. Har ana ba da labarin gaiwar da aka buga cikin tubali, damina ta jiƙa bango ta fito. Bayan farkawa namijin ne ke tsaron ƙwai a rami cikin ciyawa, yana kaɗa wutsiya don ruwa ya sabunta, har 'ya'yan su fito kamar talibambam.

Sunan gaiwa ba ya cikin jerin halittun da duniya ke fargabar ƙarewarsu, gaskiya ne. Amma kowane tabki duniya ce guda, kuma kifin da ya tsallake farin 1973 da na 1984 yana da abin da ya fi ƙarfinsa, wato yashi. Gaiwa ba ta iya gina ɗakinta sai a laka mai danƙo. Idan duwatsun Adar suka rasa itatuwa, koramu kan kwaso rairayi su juye a tabki, zurfi ya ragu, ruwa ya ƙafe kafin ƙananan su yi ƙwarin haƙa. Ga garma da ke bin ruwa yana ja, don noman rani, ga maganin feshin albasa a kwarin Tarka wajen Madawa, ga masu haƙar gaiwa da fartanya da rani, ga gidan sauro da ya koma koma, ba ya barin ko ɗan tsako. Kifi na ganinka mai jar koma, amma wadda ke barci a kwanso ba ta ganin kowa.

Abin da ya fi taimakonta a wannan yanki ba don ita aka yi shi ba. Layukan bedi da aka fara dasawa a Majiya a 1975 sun rage zaizayar iska. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da tallafin Italiya da hukumar FAO, ya tare ruwa tun daga kan dutse, da jerin duwatsu da ramukan dashe da ƙananan madatsai. Mata ne suka fi yawa a aikin, maza sun tafi cin rani, su suka yi ta ɗaukar dutse a ka cikin zafin bazara. Duk kwandon yashin da ya tsaya a tudu, laka ce ta tsira a gindin tabki.

Saura a bar wa gaiwa tsakiyar tabkin, inda ruwa ke ƙafewa daga ƙarshe. Sarkin Ruwa da mai gari da ma'aikatan gandun daji za su iya shata wurin, a hana garma da masu bugun tubali shiga, a bar haƙa sai a gefe. Fili ne da sau da yawa bai fi masussuka girma ba, kuma a nan iyayen baɗi suke kwance har hadarin Yuni ya taso daga gabas.