Ɗan Ƙwallo a Hannun 'Yan Sanda

Duk wanda ya saba zaman gidan kallon ƙwallo, ko yake bin labarin wasannin Ingila ta rediyo da waya, ya san yadda irin wannan labari yake zuwa: 'yan sanda su ba da sanarwa cewa sun kama wani mutum mai shekara kaza a gari kaza bisa zargin laifi kaza, ba tare da ambaton suna ba, kafin la'asar ta yi sanyi masu bin diddigi sun lissafa shekarun 'yan wasan kowace ƙungiya, sun tsayar da wanda zatonsu ya faɗa a kansa, kafin a fito sallar isha'i kuwa an gama shari'a a majalisa, magoya bayansa sun wanke shi tas, 'yan adawa sun ɗaure shi, alhali shi mutumin yana can bayan kanta bai ko gama ganawa da lauyansa ba. Asalin wannan gaggawa kuwa shi ne galibin jama'a sun ɗauki kamu a matsayin hukunci, ga shi ko a wajen masana doka tsakanin biyun akwai tafiya mai nisa.

Ikon da ɗan sandan Ingila yake da shi na kama mutum ba tare da takardar alƙali ba yana cikin sashe na 24 na dokar 'yan sanda da shaidun laifuka ta shekarar 1984, wadda aka yi wa gyara a 2005, kuma an rataya shi a kan sharaɗi biyu waɗanda ɗayansu ba ya wadatarwa sai da ɗan'uwansa. Na farko, ya zamana yana da zato mai dalili cewa mutumin ya aikata laifi, ko yana cikin aikatawa, ko yana gab da aikatawa. Na biyu, ya zamana akwai larurar kamun, kamar a ce ba a san sunan mutumin ko mazauninsa ba, ko ana tsoron ya cuci wani, ko ya ɓace, ko kuwa bincike ba zai tafi daidai ba muddin yana sake. A nan ne sha'anin shahararren ɗan wasa yake da ban sha'awa, domin mutumin da duniya ta san fuskarsa, ta san inda zai kasance ranar Asabar da ƙarfe uku, da wuya a ce ana tsoron ɓacewarsa. Saboda haka sau da yawa lauyansa kan shirya da 'yan sanda ya kai kansa ofis a yi masa tambayoyi ya koma gida, babu ankwa babu tarin jama'a. Mai kallo daga nesa sai ya ce alfarma ce aka yi wa mai kuɗi. Wani lokaci da ƙamshin gaskiya a zancen, don lauya mai tsada ba kowa ke samunsa ba, amma ƙa'idar kanta ta kowa ce.

Idan an kama shi kuwa, wajibi ne a gaya masa an kama shi, a gaya masa dalili, a kuma gargaɗe shi cewa ba dole ne ya yi magana ba, sai dai abin da ya ɓoye yanzu ya zo ya kafa hujja da shi a kotu yana iya raunana kariyarsa. A ofis za a miƙa shi ga wani jami'i, mai muƙamin saje ko sama, wanda ba shi da hannu cikin binciken, aikinsa kawai ya rubuta lokacin shiga, ya tabbatar an ba shi lauya kyauta in ya nema, an kuma sanar da wani nasa inda yake. Daga nan agogo ya fara aiki: awa 24 ne iyaka, sufritanda na iya ƙarawa zuwa 36 a kan babban laifi, majistare kaɗai ke iya kaiwa 96, bayan haka ko a tuhume shi ko a sake shi.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne hujjar da ake bukata tana ƙaruwa daga mataki zuwa mataki, kamar yadda malaman usulu suke rarrabe shakka da zato mai rinjaye da yaƙini. Ɗan sanda zato mai dalili ya ishe shi ya kama. Hukumar gabatar da ƙara ta gwamnati, wadda ita ce ke da ikon tuhuma a manyan laifuka, ba ta shiga kotu sai ta ga shaidar da ke hannu ta fi kusa da cin shari'a, kuma maslahar jama'a na tare da yin ƙarar. Su kuwa mutum 12 da ke zama su saurari shari'a a babbar kotu, ba su da izinin cewa mutum ya yi laifi sai sun sakankance. Shi ya sa 'yan sanda suke ƙin faɗar suna kafin tuhuma, kotun ƙolin ƙasar ma ta ƙarfafa wannan a wani hukunci na 2022, don irilin mutum in ya zube a jarida babu alƙalin da zai kwashe shi.

Dubi Benjamin Mendy, tsohon ɗan wasan Manchester City. An tuhume shi da fyaɗe a Agusta 2021, aka tsare shi a gidan yari har Janairu 2022, ƙungiyarsa ta dakatar da shi, ta kuma daina biyansa albashi. Kotu ta wanke shi daga wasu tuhume-tuhumen a Janairu 2023, ta wanke shi daga sauran a Yuli na shekarar, sa'an nan a Nuwamba 2024 kotun ma'aikata ta ce a biya shi mafi yawan albashin da aka riƙe, daga cikin kimanin fam miliyan 11 da ya nema, ban da na watannin da ya yi a tsare, don shi ya jawo wa kansa tsarewar da saɓa sharuɗɗan beli. Shekara biyu na ganiyar ƙuruciyarsa dai sun tafi. Amma kada wannan ya sa a zame zuwa ɗaya gefen, a ce ashe duk mai kai ƙarar ɗan wasa maƙaryaciya ce mai neman kuɗi: wankewar kotu ma'anarta hujja ba ta kai yaƙini ba, kuma wanda ya jefi mai ƙara da ƙarya ba tare da bayyina ba ya faɗa cikin ƙazafin da yake zargin wasu da shi.

Shahara kuma ba ta taɓa zama hurumi ba, ko da a cikin filin wasa. A Afrilu 1994 Duncan Ferguson na Rangers ya yi wa ɗan wasan Raith Rovers karo da ka ana tsakiyar wasa. Alƙalin wasa bai ba shi ko katin gargaɗi ba, amma kotun Sikotlan, wadda dokarta dabam take da ta Ingila, ta duba cewa an sha kama shi da laifin duka, ta yanke masa wata uku, ya yi kwana 44 a kurkukun Barlinnie. Eric Cantona da ya tashi sama ya harbi ɗan kallo da ƙafa a filin Crystal Palace a Janairu 1995 an yanke masa mako biyu, ɗaukaka ƙara ta mayar da shi aikin gayya na awa 120. Tony Adams yana kyaftin ɗin Arsenal aka ɗaure shi a Disamba 1990 saboda tuƙi cikin maye. Hukumar ƙwallon Ingila ma tana da nata ma'auni, mai sauƙi bisa na kotu: majistare ya sallami John Terry a 2012 kan zargin zagin wariyar launin fata, ita kuwa ta hana shi wasa huɗu, ta ci shi tarar fam 220,000, kuma babu tufka da warwara a nan, tun da ita rinjayen zato take aiki da shi.

Mu nan Najeriya, da muka gaji tsarin 'yan sanda daga Ingila, sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 kuma ta haramta kama ɗan'uwa a madadin wanda ake nema. Kai da ka haddace albashin 'yan wasan Ingila, ka haddace waɗannan su ma, domin ɗan wasa yana da lauya a waya, kai kuwa ranar da aka kai ɗanka caji ofis ilminka ne zai fara tsaya masa.