Kalmar da Ta Riga Mu Isa Badagiri

A hutun ƙarshen zango ne mahaifinmu ya kwashe mu, ni da Umma da ƙanena biyu, zuwa Badagiri, tsohon garin nan na bakin teku da ke yamma da Ikko, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Garin Egun ne, kuma ya daɗe yana cikin manyan tashoshin da ake fitar da bayi zuwa ƙetare.

Mun fara da gidan benen da 'yan mishan suka gama ginawa a 1845, wanda ake yi wa kirari da bene na farko a Nijeriya. Baba dai ya ce ai mutanen Kano sun san soro tun kafin nan, muka yi dariya muka wuce.

Inda na tsaya cak shi ne gidan Seriki Williams Abass. Shi kansa bawa ne tun yana yaro, daga baya ya zama dillalin bayi, ya rasu a 1919. Mai yi mana jagora ya ce ɗakuna 40 ne a gidan, ya shigar da mu ɗaya, ƙarami, ba iska sai wata 'yar kafa can sama. Ni kuwa sunan ne ya riƙe ni. Ɗalibin harshe zai gane cewa "seriki" ba komai ba ne illa "sarki" namu. Yarabanci ba ya yarda baƙi biyu su haɗu ba wasali a tsakani, shi ya sa aka cusa "i" tsakanin "r" da "k". Haka "albasa" ta koma "alubosa" a bakinsu.

To, wa ya kai kalmar bakin teku? Kalma ba ta tafiya sai da mai faɗinta. Fatake sun bi hanyar, malamai sun bi, bayi ma sun bi a ɗaure. Hanyar nan ce Clapperton ya hau daga Badagiri a ƙarshen 1825 har Sakkwato, inda ya mutu a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Hausawan da aka sayar kuma sun kai har Bahia ta Barazil, inda suka ƙulla tawaye a 1807.

Da yamma muka shiga kwalekwale muka tsallaka zuwa Gberefu, muka taka rairayi har bakin Atlantika, inda jiragen bayi suke jira a da. A hanya akwai rijiyar da aka ce ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida. Autanmu ya ja rigar Baba ya ce, "Baba, waɗanda suka sha sun manta Hausa ke nan?" Baba bai tanka ba, ya dai riƙe hannunsa har muka koma kwalekwale.