Jan Kunne Ga Masu Wasan Mota

Ya zama wajibi a ja kunnen samarin nan masu wasan mota ranar ɗaurin aure, waɗanda in an yi musu nasiha sai su kafa hujja da Turawa, wai ai su ma tsere suke yi, kuma wanda ya fi taka wuta shi ne gwani. Wannan da'awa ɓatacciya ce, tarihin motar nan Ford GT40 kaɗai ya isa ya rushe ta.

Tseren Le Mans dai a Faransa ake yinsa, awa 24 cur, a hanyar da aka killace. Bayan cinikinsa na sayen kamfanin Ferrari ya wargaje a 1963, kamfanin Ford na Amurka ya ƙera wannan mota mai tsayin inci 40 domin huce haushi a kan Ferrari a wannan tsere. Amma duk da dukiyar da aka narkar da azabar gudun da take da shi, a 1964 da 1965 ko ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Sai da makanikai suka duƙufa kan giya da birki, har suka gano dabarar sauya faifan birki cikin 'yan mintuna, sa'an nan ta ci shekara huɗu a jere, 1966 zuwa 1969.

Hujja mafi ƙarfi tana 1969, zamanin da in za a fara tsere direbobi ke tsallaka titi a guje su faɗa mota, da yawansu ba su ɗaura bel ba. Jacky Ickx, mutumin Beljiyam, ya ƙi wannan ganganci, ya tako a natse, ya ɗaura bel, ya tashi a ƙarshen kowa, alhali motarsa ta tsufa, Porsche 917 ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. A zagayen farko wani direba, John Woolfe, ya yi haɗari da 917 ya mutu, sauran 917 suka lalace a hanya, Ickx da abokin tuƙinsa suka ci da tazarar kimanin mita 120.

To, ku samari, titin unguwa akwai yara da almajirai da 'yan talla, ba shinge, ba likita a gefe, kuma jefa rai cikin halaka haramun ne bisa ittifaƙin malamai. Ku duba birki da taya da ruwan lagireto kafin ku fita, ku ɗaura bel ko da nan da kasuwa ne, ku raka amarya a hankali. Ku kuma iyaye, makullin mota amana ce a hannunku. Kada ku miƙa wa yaron da ba shi da lasin.